Citarum: Kogin baba na tsibirin Jawa da ruwan rini ya kusa kashewa

Da wuya mutum ya zaga kasuwar Maraɗi ko Jibiya ko Ƙonni ko Maigatari bai ci karo da kayan ƙasar Indunusiya ba. Akwai sabulun wanki, akwai takardar rubutu, akwai magungunan mura da na ciwon kai, ga kuma taliyar nan ta Indomie wadda asalinta daga can ne, ko da yake tun cikin shekarun 1990 ake yin ta a Nijeriya. Bayan da darajar kuɗin ƙasar, wato rupiya, ta faɗi warwas a 1997 da 1998, sai 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, musamman na Nijeriya, suka riƙa tururuwa zuwa kasuwar Tanah Abang da ke birnin Jakarta, suna saro yadi da ɗinkakkun kaya da tufafin yara. Wannan kasuwa, wadda aka kafa tun 1735, ita ce Kantin Kwarin yankin Kudu maso Gabashin Asiya baki ɗaya.

Abin da yawancin masu sarin ba su sani ba shi ne, kaso mai tsoka na yadin da Indunusiya ke saƙawa da kanta, a bakin kogi ɗaya ake wanke shi, a rina shi, a kuma zubar da ruwan rinin. Wannan kogi shi ne dai ke bayar da wutar lantarki, shi ke shayar da fadamun shinkafa mafi girma a ƙasar, kuma daga gare shi akasarin ruwan famfon Jakarta ke fitowa, ta yadda mai yiwuwa ne baƙon ɗan kasuwa ya yi alwala da shi a masaukinsa bai sani ba. Sunan kogin Citarum, kuma mun yi sa'a domin yadda masu shi ke rubuta sunan haka Bahaushe zai karanta shi, harafin farko kamar na "ciki" ko "ciniki".

Ruwan baba

Indunusiya ƙasa ce ta tsibirai sama da 17,000, amma fiye da rabin jama'arta a tsibiri ɗaya suke zaune, wato Jawa. Tsibirin bai kai girman jihar Damagaram ba, amma ƙidayar 2020 ta nuna mutum sama da miliyan 150 ne a kansa. Dogo ne siriri, ya miƙe daga yamma zuwa gabas, da jerin duwatsu masu aman wuta a tsakiyarsa kamar ƙashin baya. Saboda haka kogunansa gajeru ne, suna tasowa daga duwatsun, su gangaro da gudu su faɗa teku. Citarum shi ne na uku a tsawo a tsibirin, kuma na farko a lardin Jawa ta Yamma, amma duk tsawonsa bai cika kilomita 300 ba, wato ya ɗan ɗara tafiyar Kano zuwa Maraɗi.

Mutanen wannan lardi Sundawa ne, kusan dukkansu Musulmi, kuma a harshensu "ci" na nufin ruwa ko kogi, shi ya sa sunayen garuruwa da ƙoramun yankin suke farawa da shi. "Tarum" kuwa shi ne baba, tsiron nan da marinanmu ke samun shuni daga gare shi. Ke nan ma'anar sunan kogin ita ce ruwan baba. Tsohuwar daular da ta mulki yankin wajen ƙarni na 5 ma sunanta Tarumanagara, ƙasar baba, kuma wani rubutu da aka samu a jikin dutse a arewacin Jakarta ya nuna cewa tun a zamanin sarkinta Purnawarman ake haƙa magudanan ruwa a wannan yanki. Wanda ya taɓa leƙa karofin Ƙofar Mata a Kano ya san abin da ake nufi da rinin baba: ganye ne da toka da ruwa. Tun da wani kamfanin Jamus ya fito da shunin sinadari kasuwa a 1897, sai baba ya fara ja da baya a Jawa kamar yadda ya yi a ƙasar Hausa. Sunan ya zauna a kan kogin, amma rinin da ke shiga cikinsa ya zama wani iri daban.

Akwai wata alaƙar kuma da ta shafi kowane mai shagon zani. Atamfar da muke sayarwa jikanyar rinin Jawa ce, wanda ake kira batik, inda ake zana kakin zuma a jikin ƙyalle kafin a tsoma shi a rini. Turawan Holan da suka mallaki tsibirin su ne suka kwaikwayi wannan aiki da inji a ƙarni na 19, mutanen Jawa ba su karɓi na injin sosai ba, sai ya samu kasuwa a gaɓar Afirka ta Yamma.

Kafin mu bi kogin, ya kamata mu fahimci abin da masana ke nufi da kwarin kogi. Ba ramin da ruwa ke gudu a ciki kaɗai ba ne, a'a, duk ƙasar da idan ruwan sama ya sauka a kanta zai gangaro ya ƙare a cikin wannan kogi. Mutanen kan iyaka ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar, ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da Rima, kuma manoman fadamar Maraɗi sun san cewa abin da aka yi wa ruwan a Jibiya su yake tararwa. To, kwarin Citarum ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma hawa uku ne: tuddai da ƙwaryar Bandung a sama, kwazazzabai da madatsu a tsakiya, sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasar shinkafa a bakin teku.

Ƙwarya mai ɓuli ɗaya

Kogin yana farawa ne daga wani ɗan tafki mai suna Cisanti, a gindin dutsen Wayang, kudu da birnin Bandung, a tsayin kimanin mita 1,500 daga saman teku. Idanun ruwa 7 ne ke cika tafkin, kuma a nan ruwan garai-garai yake. Wuri ne mai sanyi da hazo. A zamanin Turawa an cika waɗannan tuddai da gonakin shayi da na itacen da ake samun kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta kai kafin Yaƙin Duniya na Biyu kusan duk kwinin duniya daga Jawa yake fitowa.

Damuna a can tana kamawa ne daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da mu muke fama da hunturu da bazara, domin tsibirin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu. Ruwan da ke sauka a shekara ya wuce milimita 2,000, a kan duwatsu ma ya fi haka nesa, wato ninki huɗu ko fiye na abin da Maraɗi ke samu. Irin wannan ruwa, daji ne kaɗai ke iya riƙe shi. To amma a hankali, musamman bayan rikicin tattalin arziƙi na 1998, manoma marasa gona sun haura gangaren duwatsun suka sare itatuwa suka shuka dankalin Turawa da kabeji da karas da albasa, domin biranen ƙasa na saye. Ba mu ga laifin talaka mai neman abin kai wa bakin salati ba, sai dai kunyar dankali ba ta riƙe ƙasa a kan gangare. Duk ruwan da aka yi sai ya kwashe jar ƙasa da taki da maganin feshi ya zuba a kogi. Ga kuma shanun madara da ake kiwo a ɗaure a ƙauyukan tuddan, waɗanda ake wanke kashinsu kai tsaye cikin ƙorama. Kogin bai yi tafiyar kirki daga mafarinsa ba ya riga ya sauya kama.

Daga nan sai ya sauko cikin abin da ya fi komai bayyana halinsa. Birnin Bandung da garuruwan da ke kewaye da shi suna zaune ne a cikin wani faffaɗan kwari mai kama da ƙwarya, a tsayin kimanin mita 700, duwatsu sun yi masa zobe ta kowace fuska. Dubban shekaru da suka wuce tafki ne a wurin, daga baya ruwan ya huda ta yamma ya tsiyaye, ya bar ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Duk ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun, irin su Cikapundung daga arewa da Cisangkuy daga kudu da Citarik daga gabas, cikin wannan ƙwarya suke zubowa, kuma mafita ɗaya tak gare su, wani matsatsin wuri mai duwatsu da ake kira Curug Jompong. Ruwa na shigowa da gudu ta ƙofofi da yawa, yana fita a hankali ta ɓuli ɗaya. A cikin wannan ƙwarya mutum sama da miliyan 8 ke zaune.

Sakamakon a fili yake. Garuruwan Dayeuhkolot da Baleendah da Bojongsoang, inda manyan ƙoramun ke haɗuwa da kogin, kusan kowace damuna sai sun sha ambaliya, wani lokaci ruwa ya yi makonni a cikin gidaje, a koma shiga unguwa da kwale-kwale. Abin ba sabo ba ne. Ma'anar Dayeuhkolot ita ce tsohon gari, domin nan ne fadar sarkin Bandung take kafin 1810, lokacin da aka ɗauke ta zuwa tudu ta arewa, kusa da babbar hanyar da gwamnan Holan Daendels ya shimfiɗa. Sabon garin ne ya zama birnin Bandung, wanda ya karɓi taron ƙasashen Asiya da Afirka 29 a watan Afrilun 1955, kuma zauren da aka yi taron yana nan a bakin ƙoramar Cikapundung. Masu mulki sun gudu tudu tun shekaru 200 da suka wuce, amma talakawa da masana'antu sun dawo sun cika kwarin, domin fili ya fi araha a inda ruwa ke kwanciya.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ƙasar kanta tana nutsewa. Masaƙa ba ta aiki sai da ruwa mai yawa kuma mai tsabta, tun da kuwa na kogin ya ɓaci, sai masana'antu da gidaje suka koma haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi. Ƙasar tsohon tafki ce, laka ce mai taushi, idan aka zuƙe ruwan da ke ƙarƙashinta sai ta lotsa. A wasu unguwannin masana'antu tana sauka da santimita da dama a kowace shekara. Wato ƙwaryar na ƙara zurfi, ɓulin kuma yana nan yadda yake, ga laka daga gonakin dankali tana cike cikin kogin.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin faɗaɗa ɓulin. A watan Janairun 2020 shugaban ƙasar na lokacin, Joko Widodo, ya buɗe wasu tagwayen ramuka da aka huda ta cikin dutse a Nanjung, kowanne mai tsawon mita 230, domin ruwa ya kewaye Curug Jompong ya fita da sauri. Kafin nan an sayi gidajen wata unguwa mai suna Cieunteung, wadda ba ta rabuwa da ambaliya, aka tashe ta aka mai da wurin tafkin tara ruwa. Waɗannan ayyuka sun rage yawan kwanakin da ruwa ke yi a gidaje, amma ba su hana shi shigowa ba.

Garin dala

A gabashin ƙwaryar akwai garin Majalaya, wanda tun shekarun 1930 ya shahara da saƙar zanen da mazan ƙasar ke ɗaurawa. Kasuwa ta buɗe masa har aka riƙa yi masa kirari da garin dala. Daga shekarun 1970 zuwa gaba, manyan masaƙu na zamani suka bazu daga Majalaya zuwa Rancaekek da Dayeuhkolot da Cimahi, lardin ya zama cibiyar saƙa da rini ta ƙasar, yana ɗinka wa manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka kaya. An ƙiyasta masana'antun da ke kwarin kogin sun kai kimanin 2,000, kuma a sashen sama yawancinsu na yadi ne.

Doka ta ce kowace masana'anta ta tace ruwan rininta kafin ta sake shi. To amma injin tacewa na cin wuta da sinadarai da ma'aikata, kuma duk wannan kuɗi ne da za a ɗora a kan kowane yadi. Mai masaƙar da ya tace zai sayar da tsada, maƙwabcinsa da bai tace ba ya karya masa farashi. Duk ɗan kasuwa ya san ƙarshen irin wannan gasa. Da yawa sun gina injin don mai duba ya gani, suka binne wani bututun a ƙarƙashin ƙasa wanda ake buɗewa da tsakar dare ko lokacin da ake sheƙa ruwan sama. Mazauna bakin ƙoramun sun saba ganin ruwa ya wayi gari ja, gobe shuɗi, jibi baƙi ƙirin, da zafinsa da warinsa. Gwaje-gwaje sun sha nuna dalma da zaiba da sauran ƙarafa masu guba a ruwan da lakar kogin, kuma duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne. A 2013 wasu ƙungiyoyin kare muhalli biyu, ɗaya ta Amurka ɗaya ta Suwizalan, sun sanya Citarum cikin wurare 10 mafi gurɓata a duniya.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne manoman Rancaekek, inda ƙoramar Cikijing ke ɗauko ruwan masaƙu ta shiga da shi gonakin shinkafa. Ɗaruruwan hekta sun lalace, amfanin gona ya faɗi, wasu suka sayar da gonakin da araha. A 2016 wata kotu a Bandung ta soke izinin zubar da ruwan da hukumar gundumar Sumedang ta bai wa wasu masaƙu uku, bayan ƙarar da ƙungiyoyin jama'a suka shigar. Hukunci ne da ba a saba jin irinsa ba a ƙasar.

Sai dai adalci ne mu faɗi cewa ba masaƙu kaɗai ke da laifi ba. Idan ana maganar yawa, ƙazantar gidaje ta fi ta masana'antu, domin miliyoyin mutane ne ba su da hanyar zubar da bahaya da ruwan wanka sai lambatu, lambatu kuma sai kogi. Haka shara. Inda motar kwasar shara ba ta zuwa, kogi ne juji. Hotunan da suka karaɗe duniya na masu kwale-kwale suna ratsa leda da robobi, ba a ko ganin ruwa, a wannan yanki aka ɗauke su, kuma da yawa daga cikin mutanen tsoffin masunta ne da suka koma tsintar roba.

Madatsu uku a jere

Da kogin ya fita daga ƙwaryar Bandung sai ƙasa ta karye, ya fara faɗawa ta cikin kwazazzabai zuwa arewa. A nan injiniyoyi suka ga dukiya. Aka fara da madatsar Jatiluhur a can ƙasa, wadda aka soma a 1957 tare da kamfanonin Faransa aka gama a 1967, sai Saguling a tsakiyar shekarun 1980, sannan Cirata a 1988. Tafkin Saguling yana tsayin kimanin mita 640 daga saman teku, na Cirata 220, na Jatiluhur kuma kimanin 100, kamar matakalar bene. Ruwa ɗaya ne ke juya injin sau uku. Saguling na iya bayar da megawat 700, Cirata sama da 1,000, Jatiluhur kusan 190. Idan aka haɗa, ƙarfinsu ya yi kusan daidai da na Kainji da Jebba da Shiroro a haɗe, alhali kogin nan ko kusa bai kama ƙafar Kwara ba. Sirrin ba yawan ruwa ba ne kaɗai, tsayin da yake faɗowa ne.

Waɗannan tafkuna suna wani aikin da ba don shi aka gina su ba, wato tace ƙazantar Bandung. Saguling ce ke karɓar kashin farko, laka da guba su kwanta a gindinta, shara da kainuwa su taru a samanta, ruwan da ya wuce Cirata ya ɗan yi dama-dama, wanda ya isa Jatiluhur ya fi shi. Ba don haka ba da mutanen Jakarta sun daɗe da rasa na sha. Amma tacewar ba kyauta ba ce: laka na rage wa tafkin ciki, gurɓataccen ruwa kuma na cin ƙarfen injuna.

Labarin kifi ma abin dubawa ne. Lokacin da aka tashi dubban iyalai don gina Saguling da Cirata, an koya musu kiwon kifi a cikin kejin raga mai yawo a kan ruwa, domin ya maye musu gurbin gonakinsu. Sana'ar ta yi riba, sai masu jari daga birane suka shigo suka mamaye ta, da yawa daga 'yan asalin wurin suka koma leburori a kan tafkin da ya cinye gonakin iyayensu. A Cirata hukuma ta ƙayyade keji 12,000, amma zuwa 2018 sun haura 90,000. Ragowar abincin kifi da kashinsa na taruwa a gindin tafki yana ruɓewa. Idan damuna ta yi nisa aka jera kwanaki ba rana, sai ruwan sama ya yi sanyi ya nutse, na ƙasa marar iska ya taso, a wayi gari karfasa da sauran kifaye sun mutu tan-tan a dare ɗaya. A watan Nuwamban 2023 an ƙara wa tafkin wani kaya, inda aka buɗe tashar wutar hasken rana mai yawo a kan ruwa, mai ƙarfin megawat 192, wadda kamfanin wutar ƙasar ya gina tare da kamfanin Masdar na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Daga Jatiluhur zuwa teku

A ƙasan Jatiluhur ake raba ruwan ta manyan magudanai uku, gabas da arewa da yamma, waɗanda su ma sunansu Tarum. Suna shayar da kimanin hekta 240,000 na shinkafa a gundumomin Karawang da Bekasi da Subang har zuwa Indramayu, inda ake noma sau biyu a shekara. Magudanar yamma kuwa tana tafiyar kimanin kilomita 70 ta shiga Jakarta, kuma ita ke kawo kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da matatun birnin ke tacewa. Waɗanda famfo bai kai gare su ba suna haƙa rijiya, wannan kuma na daga cikin dalilan da suka sa arewacin Jakarta ke nutsewa ƙasa da teku, har majalisar ƙasar ta yi dokar gina sabon babban birni a tsibirin Borniyo a 2022.

Karawang da aka sani da rumbun shinkafa yanzu ta cika da masana'antun motoci da babura na kamfanonin Japan irin su Toyota da Honda da Yamaha, duk suna jan ruwa daga tushe ɗaya. A nan ne kuma garin Rengasdengklok yake, a bakin kogin, inda matasa suka kai Sukarno da Hatta ranar 16 ga Agustan 1945 suka matsa musu, washegari aka shelanta 'yancin kai. Kogin yana ƙarewa a Muara Gembong, gabas da Jakarta. An sare itatuwan ruwan gishiri da ke kare gaɓar don yin tafkunan kifi da jatan-lande, yanzu teku na cin ƙauyukan, wasu gidajen an bar su ruwa na shiga yana fita.

Kanar-kanar a bakin kogi

An daɗe ana zuba kuɗi don gyara. A 2008 Bankin Raya Asiya ya amince da rancen dala miliyan 500, amma shekaru suka shuɗe ba a ga sauyin a zo a gani ba, domin kogin ya ratsa gundumomi da birane fiye da 10, kowace hukuma na tura wa 'yar'uwarta laifi. A 2017 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa suka haɗa kwale-kwale da robobin ruwa suka bi kogin suna ɗaukar hoto, duniya ta gani ta intanet, kunya ta kama gwamnati. A 2018 Shugaba Widodo ya sa hannu kan doka mai lamba 15, aka ƙaddamar da shirin Citarum Harum, wato Citarum mai ƙanshi, da alƙawarin cewa cikin shekara 7 ruwan zai tsabtata.

Abin da ya bambanta wannan shiri shi ne an sa soja a ciki. An yanka kogin gida sama da 20, kowane yanki aka ba wani kanar da dakarunsa. Suka kwashe shara, suka yashe laka, suka rushe gine-ginen bakin ruwa, suka dasa itatuwa a Cisanti, suka kuma riƙa bin ƙoramu da dare suna neman ɓoyayyun bututu, wanda suka samu su toshe shi da siminti. Mai masaƙar da aka toshe wa bututu ba shi da zaɓi, ko ya kunna injin tacewa ko ya tsai da aiki. Ma'aunin ingancin ruwa na hukuma ya tashi daga maki 33 a 2018 zuwa kimanin 50 a 2023, wato daga mummunan gurɓata zuwa mai sauƙi, ko da yake maki 60 aka sa a gaba. A ganinmu an samu ci gaba na gaske, amma irin wanda ke tsaye a kan tsoron kaki ne, kuma soja na iya toshe bututu amma ba zai iya gina wa gidaje miliyoyi masai da wurin zubar da shara ba. A watan Agustan 2023 babban jujin Sarimukti da ke karɓar sharar Bandung ya kama da wuta, shara ta taru a tituna, sannan a watan Yunin 2024 aka sake ganin leda ta rufe kogin na tsawon kimanin kilomita 3 a Batujajar, bakin tafkin Saguling. Wa'adin shekara 7 ya cika a 2025 ba tare da an kai ga ruwan da mutum zai ɗiba ya sha ba.

Su ma masaƙun ba su cikin kwanciyar hankali. Kuɗin tace ruwa ya hau kansu a daidai lokacin da yadin Sin mai araha ya cika kasuwannin ƙasar, har da Tanah Abang ɗin kanta, irin dai guguwar da ta rufe masaƙun Kaduna da Kano a shekarun 2000. Don haka ɗan kasuwar da ya je Jakarta sari ya dace ya tambayi inda aka saƙa abin da ake nuna masa, kada ya biya kuɗin jirgi mai nisa ya sayo abin da zai samu a Gwanzu da rahusa. A watan Maris na 2025 kamfanin Sritex, ɗaya daga cikin manyan masaƙun ƙasar, ya rufe bayan kotu ta tabbatar da karyewarsa, ma'aikata sama da 10,000 suka rasa aiki. Shi a lardin Jawa ta Tsakiya yake, ba a bakin Citarum ba. Duk da haka, zuwa wannan lardin ne masana'antun tufafi da dama suka yi ƙaura daga Jawa ta Yamma a 'yan shekarun nan, saboda albashin ma'aikata ya fi sauƙi a can. Babban kogin wancan yanki shi ne Bengawan Solo, mafi tsawo a tsibirin, kuma a 2019 ruwansa ya yi baƙi har sai da hukumar ruwan birnin Solo ta dakatar da ɗiba daga cikinsa na wani lokaci.